Daga Bakin Ƙofa Ake Farawa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da tarihi a makarantun sakandare, kuma babu shekarar da ta wuce ban rubuta majalisar En'e a jikin allo ba. Ina nufin majalisar farkon zamanin Turawa, lokacin da aka tattara aikin mulkin ƙasa aka raba wa manya 'yan ƙalilan, kowa da ɓangarensa. Nakan zana ta kamar tsani: Sarki a sama, sai Waziri da sha'anin shari'a, Madaki da hakimai, Galadima da birni, Ma'aji da baitulmali. Yara su kwafa, su haddace, su amayar mini ranar jarrabawa, in ba su maki, kowa ya rabu da kowa lafiya. In wani mai ƙarambani ya tambaye ni abin da waɗannan manya suke yi idan sun shiga ɗaki, sai in ce, "Shawara." In ya ƙara tambaya, in ce wannan ba ya cikin manhaja.

Abin kunyar shi ne, a gidanmu akwai wanda ya shiga ɗakin. Kakana na wajen uba ya yi wa majalisar nan aikin magatakarda na wasu shekaru, kafin ya gaji da birni ya dawo ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. A lokacin ba a ko yi mafarkin kanal ba. Rani ya yi, ko dai mutum ya tafi cirani, ko ya zauna gindin bishiya ya jira damina. Na riski kakan nawa, amma a matsayin tsoho mai faɗan a daina yi masa gudu a zaure na riske shi, ba a matsayin tarihi ba. Ya rasu ina firamare. Wanda ya kwashi labarinsa shi ne ƙanin mahaifina, Baffa, wanda bai yi boko ba, saboda haka ya sami lokacin saurare.

Wata rana, ina cikin ganiyar koyarwa, Baffa ya tarar da ni a tsakar gida ina duba littattafan yara. Ya nuna zanen tsanin nan da bakin sandarsa ya ce me ke nan. Na karanta masa daga sama har ƙasa, da muryar aji.

Ya ce, "To, wa ke fara magana?"

Na ce, "Babba mana, Baffa."

Ya yi dariya har sai da ya nemi wurin zama. Ya ce, "Ɗan boko, wannan jerin cin tuwo ka rubuta, ba jerin shawara ba."

A faɗar Baffa, daga bakin mahaifinsa, idan aka kawo magana gaban majalisa ba wanda ke kusa da Sarki ake fara tambaya ba. Daga bakin ƙofa ake farawa, wurin wanda ya fi kowa ƙanƙantar muƙami a ranar, ko wanda aka kira saboda abin ya shafi ƙasarsa. Shi zai faɗi abin da ya sani. Sai na gaba da shi, sai na gaba, magana tana hawa kamar mai hawan soro, har ta iso wurin manya. Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. In Waziri ya riga ya buɗe baki, duk wanda ke ƙasa da shi kalma biyu ta rage masa a duniya: "Haka ne." Kuma ba a ƙirga kawuna. In kowa ya gama, shugaba ya ce, "Na ji majalisa ta ce kaza," a shafa fatiha.

Na duba littattafan da hannuna ya kai gare su, na Turawa da na 'yan gida, ban ga inda aka rubuta wannan ba. Mai yiwuwa haka ake yi kullum. Mai yiwuwa wani zubin ne. Mai yiwuwa kuma kakana sau biyu ya ga an yi ya mayar da shi doka, kamar yadda tsofaffi suka saba. Tunda ban gan shi a takarda ba, sai na ajiye shi a inda ɗan boko ke ajiye maganar baffansa: na ce masa madalla, na ci gaba da zana tsanina.

Da na yi ritaya na dawo gida, na karɓi gonar da ta faɗo mini a gado, na shiga noman rani kamar kowa. Ƙaramin kanal ɗinmu ya ɓalle ne daga babba, ya miƙe ya ratsa gonaki goma sha huɗu kafin ya ƙare a wata 'yar kwari. Kowa yana da tiyon da yake zuƙo ruwa da shi daga kanal zuwa gonarsa. Masu gonakin nan suna da ƙungiya, Baffa ne shugaba tun ban dawo ba, ni kuma aka ɗora mini sakatare ran da na fara zuwa, don an ce biro ya saba da hannuna. Baffa bai taɓa kiran ta ƙungiya ko kwamiti ba. Majalisa yake cewa, kuma ba da wasa ba.

A zaurensa ake zama, bayan la'asar. Ba wanda ya taɓa tsara wurin zama, amma kowa ya san nasa, kuma in ka duba sai ka ga kanal ɗin ne aka kwanto a kan tabarma. Daga ciki, dama da Baffa, Alhaji ne, mai gonar farko a bakin ruwa, mai alkama eka da yawa da motar ɗaukar kaya. Ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai. A tsakiya ni ne da taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda yake kira na Hedimasta duk da ban taɓa riƙe muƙamin ba, kuma don ya san ban taɓa ba yake faɗa. A bakin ƙofa, inda takalma suke, mai gonar ƙarshe ne: wani mutumin Filato, Kirista, da ya fi shekara ashirin a garinmu. Shi ke gyara wa kowa injin ban ruwa da famfon feshi, shi ya sa ake ce masa Injiniya. Gonar haya yake nomawa, kuma sau biyu yana haƙa rijiya a cikinta yana cin karo da fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse. Mai gyaran injin kowa, shi kaɗai ba shi da ruwan da zai ja sai wanda kanal ya kawo masa.

Duk zaman da aka yi, Baffa daga bakin ƙofa yake farawa. "Injiniya, me ka gani?" Daga nan a biyo layi. Maganar yashe ciyawar kanal, wadda a ganina minti biyar ta ishe ta, sai ta kai mu kiran magariba. Ina zaune da littafi a cinya ina cizon biro, ina lissafin yadda zan gama wannan zaman kafin shayi ya tafasa in da ni ke riƙe da shi. Mutum ya yi hankali da irin wannan lissafin, don wani lokaci akan amsa masa.

A ƙarshen sanyin wata shekara, zafi ya fara leƙowa, aka sa wa Baffa ranar aikin ido a Kano. Yanar ido ce ta rufe masa na dama. Da zai shiga mota ya ce mini, "Ɗan boko, ga zaure ga tabarmi. In magana ta taso kafin in dawo, ka riƙe."

Kwana biyu da tafiyarsa maganar ta taso. Aka aiko mana cewa za a yi gyara a babban kanal, saboda haka na wasu makonni ruwa zai riƙa shigo mana kwana uku kacal a mako, Asabar, Lahadi da Litinin, kuma ba da ƙarfin da muka saba ba. Tambayar da ke gabanmu ɗaya ce: yaya za a raba?

Na kira zama. Na rubuta ajanda a takarda, da lamba ɗaya da lamba biyu. Na zauna kusa da buzun Baffa, ban hau ba, don ina da sauran kunya. Bayan addu'a na gyara murya na ce, "Jama'a, kowa ya ji abin da ake ciki. Bisa ladabi, za mu fara jin ta bakin babbanmu. Alhaji, bismillah."

Alhaji ya ɗago ya dube ni kamar wanda aka miƙa wa jariri ba shiri. Ya waiga wajen ƙofa, ya dawo da kallonsa kaina. Sannan ya ce, "To. Ni dai a nawa ganin, ruwa ba ya tsallake gona. A bar shi ya gangaro yadda ya saba, in ya iso wurin mutum ya sha. Amma fa ra'ayi ne."

Ya yi shiru yana jira. Ni ma na lura yana jira, amma na ɗauka numfashi yake mayarwa.

Na kusa da shi ya ce, "Haka ne, Alhaji."

Na gaba ya ce, "Gaskiya ne. Ai haka Allah ya yi shi, daga sama yake zuwa."

Na ce, "Madalla. Wanda ya amince ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi ɗaya bayan ɗaya, daga ciki zuwa waje. Na ƙirga da bakin biro. Na ƙarshe da ya tashi shi ne na bakin ƙofa, bai wuce kafaɗa ba, amma ya tashi, kuma a ƙa'idar da na sani hannu hannu ne. Na rubuta cewa an amince baki ɗaya, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Taubashina ya taɓa butar shayi ya ce, "Hedimasta, yau ko sikari bai narke ba an tashi. Allah ya ƙara wa boko albarka."

Na ɗauki wannan a matsayin yabo. Wanda ya yi shekara talatin yana sauraron yara suna cewa sun gane, ya kamata a ce ya fi haka wayo.

Asabar ruwa ya zo, siriri. Alhaji da maƙwabtansa suka jefa tiyo. Ni sai Lahadi da yamma ya iso mini, na shayar da albasata na yi hamdala. Litinin da la'asar aka rufe. Ban tambayi inda ya tsaya ba.

Ranar Talata famfon feshina ya ƙi ja, na saɓa shi na nufi wurin Injiniya. Ba ya rumfarsa, aka ce yana gona. Na bi gefen kanal ina gangarawa. Bayan gona ta goma sai na ga laka ta ƙare. Daga nan ƙasan kanal fari fat, ya daddare kamar tafin ƙafar manomi. Ruwan nan bai ko leƙo ba.

Tumatir ɗin Injiniya dashen baya ne, a lokacin yake tsakiyar fure. Na tarar ganyen ya nannaɗe ya sunkuya, furen rawaya ya zube a gindi. Shi da matarsa suna bin layi da gwangwani, suna tsiyaya wa kowane gindi ruwan da ya ɗebo a jarkoki biyu a kan babur daga wani kududdufi mai nisa. Kamar mai kashe gobara da cokali.

Na yi sallama, muka gaisa. Cikin duk abin da zan iya faɗa, sai na faɗi mafi muni. Na ce, "Injiniya, ai kai ma ka ɗaga hannu."

Ya ce, "Na ɗaga, Malam."

"To, don me?"

Ya ajiye gwangwanin ya goge hannu a wando. Ba fushi a fuskarsa, kuma da akwai da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Alhaji ya yi magana. Kowa ya ce haka ne. Ni da nake haya a garin mutane, ni ne zan ce ba haka ba ne? Gobe injin wa zan gyara?" Ya sake ɗaukar gwangwanin. "In Baba ne, ni yake fara tambaya. Lokacin ba wanda ya ce komai, to ba musu na yi da kowa ba. Labarin gonata kawai na bayar."

Na tambaye shi kwana nawa tumatir ɗin zai iya. Ya ce in ruwa ya iso masa Asabar mai zuwa, zai tsira da wani abu. In ya sake tsayawa a gona ta goma, sai dai ya sa awaki. Matarsa ba ta ɗago ba. Na koma da famfona a kafaɗa, ban ko ambaci abin da ya kawo ni ba.

Na sami taubashina na ce zan sake kiran zama a soke abin da aka yanke.

Ya ce, "A'a, Hedimasta, sannu da ƙoƙari. Ka tara mutane ka ce wa Alhaji ya lashe amansa a gabansu? Ko ya so ba zai iya ba. Mu kuma da muka ce haka ne, ka ce mu tashi mu ce ƙarya muka yi? Ka ɗaure akuya ka haɗiye wuƙar."

Duk da haka na je wurin Alhaji ni kaɗai, a shagonsa. Ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na yi ta kewaye-kewaye har na iso kan tumatir. Ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce, "Malam, ai magana ta wuce. Kai ka ƙirga, kai ka rubuta. In na canza ni kaɗai, a ce na raina jama'a." Na sha ruwana na tashi.

Baffa ya dawo ranar Alhamis, da auduga a ido da baƙin tabarau a kai, kamar wani mawaƙin birni. Na bari ya ci abinci ya huta, sannan na durƙusa na zayyana masa komai. Bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Wa ya fara magana?"

"Alhaji."

"Shi ya sa kansa?"

"Ni na sa shi, Baffa. Na ga shi ne babba."

"Ka yi masa ladabi ke nan."

"Haka na nufa."

Ya ce, "Ladabin da ya ɗaure shi a turke. Kai kana tsammani don ƙananan kaɗai ake farawa daga ƙofa? Kakanka ya ce rabin abin don manyan ne. Babba in ya yi magana a farko, hukunci ya yanke, kuma ba ya iya janyewa. In ya yi a ƙarshe, ya ji komai, abin da ya bayar kyauta ce, a gode masa. Ka hana talaka baki, ka hana mai arziki kyauta, duk a zama ɗaya. Lallai an biya kuɗin makarantarka."

Na ce, "To, a kira majalisa gobe?"

Ya ce, "Wace majalisa? Majalisa ta zauna ta gama. Ni dai mara lafiya ne. Ka gaya musu na dawo, gobe bayan la'asar ina zaure, wanda ya ga dama ya zo dubiya."

Ba a ƙin zuwa dubiya. Ranar Juma'a bayan la'asar duk goma sha huɗun muka hallara, wani da lemo a leda, wani da ƙwai, Alhaji da kwalin madara. Ba wanda ya ce wa kowa ga inda zai zauna, amma kowa ya nufi wurinsa. Aka yi ta "Sannu Baba," "Ya jikin?", "Allah ya ƙara sauƙi." Baffa ya ba da labarin likita, yarinya ƙarama da ta ce masa kada ya motsa, ya ce shekara tamanin ba wanda ya ba shi umarni ya bi sai ita. Aka yi dariya.

Can ya ce, "Sun hana ni shiga rana, sun hana ni sunkuyo. Ban ga gona ba, kuma ba zan gan ta nan kusa ba. Ku ne idona. Wa ke can bakin ƙofa? Haske ya hana ni gani."

"Ni ne, Baba."

"Injiniya. Ya tumatir?"

Injiniya ya faɗa. Bai ƙara ba, bai rage ba, bai ambaci zaman da ya wuce ba, bai dubi kowa ba. Ya ce yau kwana goma sha ɗaya rabon gonar da ruwan kanal, fure yana zuba, layukan ƙasa sun riga sun tafi, na sama suna jiran gobe.

Baffa ya ce, "Allah ya kyauta. Na kusa da shi fa?"

Na kusa da shi, mai gona ta goma sha uku, wanda ran nan ya ɗaga hannu har yana taɓa rufin zaure, ya ce shi ma tattasansa bai ga ruwa ba, kunya ce ta hana shi faɗa. Na sha biyu da na sha ɗaya ma haka, na goma kuma ya ce rabin gonarsa ya sha, rabi bai sha ba. Magana ta fara hawowa. Da ta iso wurin waɗanda suka sha, sai ta canza kama ba tare da kowa ya juya ta ba. Wani ya ce masararsa ta sha sosai ran Litinin, za ta iya haƙurin kwana ɗaya. Taubashina ya ce, "Tawa ma za ta iya, Baffa. Ta gaji mai ita, mun saba da azumin da ba lada."

"Ɗan boko, albasa fa?"

Ban taɓa jin nauyin layi irin na ranar ba. Na ce, "Ta sha ran Lahadi, Baffa. Za ta kai wata Lahadin."

Taubashina ya ce, "A rubuta, a ja layi biyu."

Na yi kamar ban ji ba. Kowa ya ji.

Haka aka bi har aka iso dama da Baffa. Baffa ya juya baƙin tabaransa ya ce, "Alhaji, kai ka ji komai. Ya alkama?"

Alhaji ya gyara zaman hularsa. Ya ce, "Baba, alkama ta gode Allah. Amma bari in faɗi wata magana. Ni fa ran nan tayi na yi. Na yi tayi na zauna ina jira a ce mini albarka, sai na ji an ce an sallama. Tunda nake ciniki ban taɓa sayen kaya a tayin farko ba sai a hannun malamin makaranta."

Zaure ya kwashe da dariya, har Injiniya ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni ma na yi, irin wadda mutum ke yi in an taka masa ƙafa a masallaci.

Alhaji ya ci gaba. "Alkamar ta fara ja, ba ta son ruwa da yawa yanzu. Gobe Asabar ba zan jefa tiyo ba, daga safe har dare. Amma Lahadi da asuba ruwan nawa ne, kada in ga inuwar kowa a bakin gonata. Kuma Injiniya, injina na can yana tari tun makon jiya."

"Zan zo, Alhaji."

"Ba gobe ba. Gobe ka sha ruwanka."

Baffa ya ɗan jira ko akwai mai ƙari. Sannan ya ce, "To, na ji jama'a sun ce, duk Asabar har a gama gyaran nan, daga gona ta ɗaya zuwa ta goma ba mai jefa tiyo. Ruwa ya wuce ƙasa, na ƙarshe ya fara sha, a hawo. Lahadi da Litinin yadda aka saba. Allah ya sa albarka. Na gode da dubiya." Aka shafa.

Da aka watse na tsaya naɗe tabarmi. Na ce, "Baffa, me zan rubuta? Littafi ya ce an amince da wani abu baki ɗaya, yau kuma an yi wani."

Ya ce, "Rubuta an zo dubiya."

Haka na rubuta, yana nan har yau, layi ɗaya.

Asabar da sassafe na fita na tsaya a inda ƙaramin kanal ya ɓalle daga babba. Wajen ƙarfe bakwai ruwan ya shigo, yana turo kumfa da karmami a gabansa. Na bi shi da ƙafa. Ban taɓa sanin ruwa yana da nawar tafiya haka ba. Tiyon Alhaji suna jere a kan gaɓa, bakinsu a sama, ba kowa a wurin. Maƙwabcinsa yana tsugune yana kallon ruwa yana wuce masararsa, ya ce mini, "Malam, wannan ya fi azumin bazara wuya." Taubashina kuwa na tarar ya naɗe tiyonsa ya zauna a kai. Na ce lafiya? Ya ce, "Don kada Shaiɗan ya ɗauka ya jefa, a ce ni ne."

Daga gona ta goma tafiyar ta koma rarrafe. Busasshiyar ƙasar nan sai da ta sha ta ƙoshi kafin ta bar ɗigo ya wuce. Kowace tsaga sai ruwan ya tsaya ya cika ta, tana ƙara kamar ana soya abu. Masu gona ta sha ɗaya zuwa sha uku suna tsaye da tiyo a hannu, ba wanda ya jefa, suna rakiyarsa da ido. Rana ta take sosai, an kusa kiran azahar, sannan bakin ruwan ya iso gonar ƙarshe.

Injiniya yana tsaye da fartanya, matarsa a bayansa. Ya jefa tiyo uku, ya zuƙa, ruwa ya kama. Ya sare bakin komin farko, wato 'yar fadamar da aka kewaye da kunya, ruwa ya shiga yana lalube tsakanin gindin tumatir. Ya wuce na biyu. Matarsa ta tsuguna ta wanke fuska da ruwan, duk da jan da ya yi.

Na ce, "Me zan kama?"

Ya dube ni, ya dubi takalmina. Na tuɓe su, na naɗe wando. Ya ce, "Tsaya nan, Malam. In wannan ya cika ka toshe bakin da laka, ka buɗe na gaba. Kada ka bari ya tsallaka kunya."

Muka yi ta yi, shi a gaba ni a baya, komi bayan komi, har muka iso layukan ƙasa, wajen kashi ɗaya cikin uku na gonar. Nan ganyen ya riga ya zama toka-toka, in ka taɓa ya karye. Na ɗaga fartanya zan sare bakin.

Ya riƙe hannuna. Ya ce, "A'a, Malam. Waɗannan sun tafi. Toshe, mu bar wa mai tattasai, tun safe yake tsaye."

Na ɗebo laka da hannu biyu na toshe. Injiniya ya zare tiyonsa daga kanal, ya ɗaga murya ya ce wa maƙwabcinsa ya jefa nasa.